Labarin matsin tattalin arziki: tsakanin firgita jama'a da rufe musu ido

Duk lokacin da kuɗi suka yi wuya a ƙasa, ƴan jarida kan sha suka ta ɓangare biyu. Magabata su ce ana kururuta matsala, ana firgita masu ajiya a banki da masu zuba jari. Talakawa kuma su ce ana karanto musu alƙaluman ofis alhali tiyar hatsi ta fi ƙarfin magidanci. Kowane ɓangare yana da tasa hujjar, domin labarin tattalin arziki yana da wani hali da sauran labarai ba su da shi: yana iya canza abin da yake bayyanawa. Rahoton ambaliya ba ya ƙara wa gulbi ruwa. Amma rahoton cewa wani banki na tangal-tangal yana iya tara layi a ƙofarsa kafin azahar, kuma maganar cewa shinkafa za ta yanke tana iya sa mai sito ya kulle sitonsa ya zauna jiran farashi.

Nijar ta ga haka da idonta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Ranar 30 ga watan, ƙungiyoyin CEDEAO da UEMOA suka ƙaƙaba takunkumi: aka rufe iyakoki, aka dakatar da hada-hadar kuɗi da ƙasar, aka riƙe kuɗaɗen gwamnati da ke babban bankin BCEAO. Kwanaki kaɗan bayan haka Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar wa ƙasar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ake sha. Manyan motocin kaya suka yi cirko-cirko a Malanville, tsallaken Gaya. Ba a ɗage takunkumin ba sai ranar 24 ga Fabrairun 2024. A cikin waɗannan watanni bakwai, duk wata tambaya mai wuya da ɗan jaridar tattalin arziki zai iya cin karo da ita ta bijiro.

Layi a ƙofar banki

Wadda ta fi sauran haɗari ita ce ta bankuna. A makonnin farko bankuna sun taƙaita yawan kuɗin da mutum zai iya cira a rana, kuma wanda ya wuce ta ƙofarsu ya ga layi. Hoton layin kaɗai, idan aka watsa shi a WhatsApp ba tare da bayani ba, saƙo ɗaya yake kaiwa: kuɗinka na shirin nutsewa, yi maza.

Abin da mai karatu yake buƙata a irin wannan lokaci shi ne a rarrabe masa abubuwa biyu da suke kama da juna daga waje. Babu bankin da ke ajiye dukkan kuɗin masu ajiya a cikin akwatinsa. Yana ba da mafi yawansu rance ga ƴan kasuwa, ma'aikata da gwamnati, ya riƙe wani kaso don biyan masu zuwa cira yau da gobe, idan ya gaza kuma ya nemi tsabar kuɗi daga babban banki. Saboda haka banki yana iya rasa takardun kuɗi a hannu alhali dukiyarsa ta fi bashin da ake bin sa. Wannan ƙarancin tsabar kuɗi ne. Karyewa kuwa ita ce rancen da ya bayar ya lalace har abin da ya mallaka ya kasa rufe ajiyar jama'a, kamar yadda dattawa ke tuna abin da ya faru da bankin BDRN wanda aka rufe a 1990. Matsalar 2023 ta faro ne daga toshewar hanyar da ke tsakanin bankuna da BCEAO da kuma ƙasashen waje. Ɗan jaridar da ya rubuta "bankuna ba su da kuɗi" ya tsaya nan, bai yi ƙarya ba, amma ya bar mai karatu ya cike giɓin da tsoro. Da ya tambayi nawa ne iyakar cira, ko banki ɗaya ne ko dukkansu, ko tura kuɗi daga asusu zuwa asusu na tafiya, ko albashi ya shiga, da labarin ya fito da kamanninsa na gaskiya.

Shin ya kamata a yi shiru ke nan? An yi wannan muhawara a Ingila. Da yammacin 13 ga Satumban 2007, wakilin BBC Robert Peston ya ba da labarin cewa bankin Northern Rock ya nemi agajin gaggawa daga babban bankin ƙasar. Washegari jama'a suka yi dafifi a rassansa, aka cire kimanin fam miliyan dubu a rana guda, abin da Ingila ba ta gani ba cikin shekaru fiye da ɗari. An zargi Peston da haddasa rububin, har wani kwamitin majalisar dokoki ya yi masa tambayoyi a Fabrairun 2009. Sai dai labarin nasa gaskiya ne, kuma ciwon bankin ya girmi rahoton: ya dogara da rancen gajeren lokaci daga kasuwannin kuɗi, kasuwannin kuma suka daskare tun watan Agusta. Mutanen da suka yi layi ma ba wauta suka yi ba. Dokar ƙasar a lokacin fam 2,000 na farko kawai take biya cif idan banki ya rushe, sai kashi 90 cikin 100 na fam 33,000 da ke biye. Layin bai watse ba sai ranar 17 ga Satumba, da ministan kuɗi Alistair Darling ya ce gwamnati ta tsaya wa ajiyar kowa.

Wato abin da ya kwantar da hankali ƙarin bayani ne, daga bakin wanda ke da ikon cika alkawari. A yankin UEMOA akwai asusun lamunce ajiya mai suna FGDR, wanda ke biyan mai ajiya har sefa miliyan 1 da dubu 400 a banki, da sefa dubu 300 a ƙananan asusun ajiya da rance, idan aka rufe su. Ajiyar malamin makaranta ko mai shago da yawa ba ta kai wannan adadi ba. Da wuya a ji wannan bayani a rediyo, alhali shi ya kamata ya biyo bayan duk wani rahoto a kan layin banki, tare da faɗin gaskiya cewa mai ajiyar da ta haura haka ba a lamunce masa ragowar ba.

Shiru ma yana da farashi

Wanda ke ganin rufa-rufa ita ce kishin ƙasa, ya waiwayi 1994. Watanni da dama ana raɗe-raɗin za a karya darajar sefa, hukumomi na musantawa. Tun Agustan 1993 manyan bankunan yankin suka daina sayen takardun sefa da aka fitar waje, alamar da ke nuna kuɗi na gudu. Ranar 11 ga Janairun 1994, a taron shugabanni a Dakar, aka sanar da cewa faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa sefa 100. A wannan shekara hauhawar farashi a Nijar ta haura kashi 30 cikin 100.

Su wa suka tsira? Waɗanda suka iya karanta alamu, ko suke da kunne a manyan ofisoshi, sun riga sun mayar da kuɗinsu faran ko kaya. Wanda ya dogara da sanarwar hukuma ya wayi gari ya tarar magani da kayan gyaran mota sun ninka. Shirun jarida ba ya hana labari yawo; yana zaɓar wanda zai ji shi da wuri ne kawai, kuma kullum mai hali ne ke riga ji. Daga nan ne ma raɗe-raɗin karya sefa ya samu gindin zama, har yau duk ƴan shekaru sai ya dawo, domin an taɓa musanta shi kuma ya tabbata. Yanzu da ake maganar kuɗin bai-ɗaya na ƙasashen AES, aikin ɗan jarida ne ya riƙa tunatarwa cewa Nijar ta fice daga CEDEAO amma tana cikin UEMOA, kuma sefa na nan ɗaure da yuro a kan kusan sefa 656 tun 1999. Duk abin da ya wuce haka, a faɗi wanda ya faɗe shi da ranar da ya faɗa.

Alƙaluman da ke cewa komai lafiya

A littattafan tattalin arziki ana cewa ƙasa ta shiga koma-baya idan abin da take samarwa ya ragu wata uku-uku sau biyu a jere. Da wannan ma'auni, ana iya cewa Nijar ba ta ja baya ba a 2023. Kafin juyin mulki ana hasashen bunƙasar kusan kashi 7 cikin 100. A ƙarshe ƙiyasin FMI da na Bankin Duniya bai kai kashi 3 ba. An ci gaba dai, in ji takarda. Amma yawan al'ummar ƙasar na ƙaruwa da fiye da kashi 3 cikin 100 a kowace shekara. Idan tuwo ya ƙaru da loma biyu, masu ci suka ƙaru da uku, rabon kowa ya ragu. Rahoton da ya kawo adadin bunƙasa bai ajiye shi kusa da na ƙaruwar jama'a ba, ya ba da rabin labari.

Shekarar 2024 ta zo da tarkon ta ɗaya gefen. A watan Mayu aka fara lodin ɗanyen man Agadem a tashar Seme ta ƙasar Benin, ta bututun da ya kai kusan kilomita 2,000, kuma bunƙasar shekarar ta haura kashi 8 cikin 100. Adadi ne mai daɗin kanun labari. Sai dai haƙar mai ba ta ɗaukar ma'aikata da yawa, kuma kuɗinta na bi ta kamfanoni, baitulmali da biyan bashi kafin wani abu ya kai kasuwar Tawa ko ta Magarya. A shekarar ce kuma hauhawar farashi ta kai kusan kashi 9 cikin 100, ninki uku na iyakar kashi 3 da UEMOA ta gindaya. Duka biyun gaskiya ne, kuma wanda ya buga ɗaya ya bar ɗaya ya ɗauki ɓangare ko bai yi niyya ba.

Akwai wani kuskure da ke yawan maimaituwa a fassara. Idan hukumar ƙididdiga ta INS ta ce hauhawar farashi ta sauka daga kashi 10 zuwa kashi 5, a misali, sai a ji an ce "farashi ya sauka". Bai sauka ba. Buhun da ya tashi daga jika 20 zuwa jika 22 bara, bana zai kai jika 23 da ɗoriya. Gudun hawan ne ya ragu. Matar da ta ji rediyo na cewa kaya sun yi sauƙi, ta je kasuwa ta tarar da akasin haka, ba za ta sake yarda da wannan rediyo ba ko da ranar da ya faɗi daidai.

Alƙaluman hukuma kuma a makare suke zuwa, ba a Nijar kaɗai ba. A Amurka, sai ranar 1 ga Disamban 2008 cibiyar da ke tantance irin wannan ta bayyana cewa koma-bayan ya fara tun Disamban 2007, shekara guda cur, bayan bankin Lehman Brothers ya riga ya rushe.

Kasuwa ta riga ofis sani

Tunda takarda na makara, dole ƙafa ta riga ta. A ƙasar da mafi yawan mutane ke noma, kiwo da ƙananan sana'o'in da ba su shiga rajista, alamun farko na matsi suna fitowa a farashin tiya, a yawan dabbobin da ake kawowa kasuwa ba lokacinsu ba, a bashin da ke taruwa a littafin mai shago, a cinikin ɗan kabu-kabu. Hukumar SIMA na bin farashin cimaka a kasuwannin ƙasa tana fitar da shi a kai a kai, akwai kuma takwararta ta kasuwannin dabbobi. Bayanai ne da ke hannun kowa, amma ba kasafai ake mayar da su labari ba.

Kuma farashi shi kaɗai ba ya magana sai an gwada shi da wani abu. Hatsi kan yi araha da kaka ya yi tsada a tsakiyar damina kowace shekara, don haka kwatanta farashin Yuli da na Nuwamba ba ya nuna komai. A kwatanta Yulin bana da Yulin bara, da kuma matsakaicin shekaru biyar. Ga makiyayi kuwa, ma'aunin da ya fi kowane shi ne tiya nawa akuya ɗaya ke saya.

Rashin kula da wannan ya yi tsada a 2005. Bayan fari da farin dango na 2004, giɓin cimaka na ƙasa an ƙiyasta shi a kan kimanin tan dubu 223, adadin da bai yi kama da na babbar masifa ba. Hatsi na nan a kasuwannin Maraɗi da Damagaram, kuɗinsa ne ya gagari mutane, a daidai lokacin da darajar dabbobi ta faɗi. A Yamai hankali ya tafi kan harajin TVA na kashi 19 cikin 100 da aka ɗora wa kayan masarufi a farkon shekarar, wanda ya jawo zanga-zangar tsadar rayuwa a watan Maris. Kiran neman agaji da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a watan Mayu bai samu amsa ta kirki ba, sai da hotunan yara daga cibiyoyin ciyarwa na Maraɗi suka fita a talabijin na duniya a watan Yuli. Farashin da ke nuna inda aka dosa ya yi watanni a rubuce kafin kyamara ta iso.

A kudancin ƙasar, rabin labarin yana tsallaken iyaka. Ranar 29 ga Mayun 2023 Najeriya ta cire tallafin man fetur, a tsakiyar Yuni kuma ta saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Cikin shekara guda, nairar da ake samu da jika ɗaya a wurin ƴan canji ta kusan ninkawa. Mai sayo kaya daga Kano ko Katsina ya ji daɗi. Mai kai shanu da wake Jibiya ko Illela ya koka, domin nairar da ake biyan sa ba ta da auki idan ya mayar da ita sefa. Man ƴan ruwa-ruwa ya daina araha, masu motoci da babura suka koma gidajen mai, buƙata ta yi wa matatar SORAZ yawa. Layukan mai da aka gani a Maris na 2025 suna da saiwa a wancan mataki na 2023. Irin wannan zare ne mai karatu ba zai iya ja da kansa ba, kuma jan sa ya fi buga hoton layi wahala.

Dala, jika da miliyar

Mai rubutu da Hausa yana da wani nauyi na daban. A kasuwa da dala ake lissafi: wanda ya ce "ɗari" sefa 500 yake nufi, jika kuma sefa 1,000 ce. Rahoton da ya ce "dubu goma" bai fayyace sefa ko dala ba, yana iya kai mai saurare ga adadin da ya ninka na gaskiya sau biyar. Manyan lambobi kuwa ba su da hoto a zuciyar kowa. A Oktoban 2023 an zabge kasafin kuɗin ƙasa daga sefa miliyar 3,291 zuwa miliyar 1,981, wato ragin kashi 40 cikin 100. Idan aka raba abin da aka zabge a kan al'ummar da ta kai kimanin miliyan 26, ya kama kusan jika 50 a kan kowane mutum, har da jariri. A haka ne lambar ke fara magana. Tambaya ta gaba ita ce daga ina aka yanke: albashi, hanyoyi, makarantu ko asibitoci? Amsar tana cikin dokar kasafin kuɗi, takarda mai kauri da ƴan jarida ƙalilan ke buɗewa.

Kalmomi ma haka. "Durƙushewa", "rugujewa" da "karyewa" kalmomi ne masu nauyi, kuma magana zarar bunu ce. Idan aka kashe su a kan raguwar bunƙasa, ranar da abin ya faru da gaske babu sauran kalmar da za a yi amfani da ita.

Wa ke magana, me zai samu?

A lokacin matsi kowa yana da dalilin da zai sa ya ƙara gishiri ko ya rage. Gwamnati na son a ga ta riƙe ragama. Babban ɗan kasuwa da ke cewa kaya sun kusa ƙarewa wataƙila sitonsa cike yake, kuma kowace hira da ya yi tana ƙara masa riba. Ƙungiyar agaji na neman kuɗin aiki, ɗan adawa na neman abin suka. Ba a ce a daina jin ta bakinsu ba. A gaya wa mai karatu ko su wane ne, a kuma gwada maganarsu da abin da za a iya ƙirgawa, kamar yawan motocin da suka shigo ta hanyar Lome da Burkina Faso ko farashin da SIMA ta rubuta. Hasashe kuma a kira shi hasashe. FMI da Bankin Duniya suna gyara nasu sau da yawa a shekara, don haka adadinsu na buƙatar kwanan wata kamar yadda magani ke buƙatarsa.

Gidajen jaridar kansu matsin ba ya tsallake su. Talla ce ke fara yankewa, kuma masu ba da ita, wato bankuna, kamfanonin salula da ma'aikatun gwamnati, su ne waɗanda ya kamata a bincika. Wakilin da ba a biya shi kuɗin mota ba, wanda ya kira taron manema labarai ne zai biya masa, kuma kowa ya san abin da hakan ke yi wa alƙalami. Ga kuma doka: a Yunin 2024 an gyara dokar laifuffukan intanet ta 2019, aka tsaurara hukunci a kan yaɗa bayanan da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a. Labarin banki ko na ƙarancin kaya yana iya faɗawa ƙarƙashin irin wannan fassara, abin da ke sa wasu gwammace yin shiru. Kariyar da ta rage wa mai son yin aikin ita ce takarda a hannu, sunan majiya, kwanan wata, da ba wanda abin ya shafa damar mayar da martani kafin a buga.

Sai kuma bibiya, wadda ita aka fi sakaci da ita. Ranar da aka ɗage takunkumi an yi kanun labarai, amma iyakar Benin ba ta buɗe ba daga ɓangaren Nijar, kuma bashin da ƙasar ta kasa biya a kasuwar kuɗi ta yankin ya riga ya haura sefa miliyar 300. A ƙarshen Afrilun 2024 baitulmali ya koma wannan kasuwa ya samu sama da miliyar 450, musamman don warware abin da ya taru. An ba da labarin a matsayin dawowar amincewa, kuma akwai gaskiya a ciki. Tambayar da ta rage ita ce a kan ruwa nawa, kuma zuwa yaushe. A kan kowace miliyar 100, bambancin ruwan kashi 6 da na kashi 9 miliyar 3 ce a shekara, kuma daga kasafin shekaru masu zuwa za a cire ta. Hukumar UMOA-Titres na wallafa sakamakon kowane gwanjon takardun bashi a shafinta na intanet, da adadin da aka karɓa, da ruwan da aka amince, da ranar biya.